Tsamiya da Gatari: Itatuwa Masu Alfarma a Kudancin Katsina da Ƙasar Indiya

Gabatarwa

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Funtuwa ta ratsa Bakori ta nufi Malumfashi da rani, bayan an kawar da amfanin gona an kwashe kara, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne itatuwan da ke tsaye ɗai-ɗai cikin gonaki: ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, jefi-jefi kuma ga rimi ko maɗaci a bakin gari. Kowane ɗaya daga cikinsu ya kai yau ne domin wani manomi, shekara hamsin ko ɗari da suka wuce, ya iso kansa da gatari a lokacin sassabe, ya dube shi, ya ƙyale. To, me ya riƙe hannun wannan manomi?

Amsar da ta fi yawo a bakin masu fafutukar kare muhalli ita ce, wai mutanen dā suna girmama itace saboda abin da suka gaskata yana zaune a cikinsa, kuma sa'ad da wannan imani ya gushe sai gatari ya sami sake. Sau da yawa akan kafa hujja da ƙasar Indiya, inda mabiya addinin Hindu ke da hikayoyi masu yawa a kan itatuwa, inda kuma aka yi mutanen da suka rungumi itace suka ce sai dai a sare da su. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna wannan magana, a duba yadda Bahaushen kudancin Katsina ya ɗauki itace, a duba yadda abin ya gudana a Indiya, sa'an nan a ga ko abin da ya yi aiki can zai yi aiki nan. Akwai gaskiya cikin maganar, amma ba ta kai girman da ake ba ta ba, a Indiya ko a Katsina.

Mazaunin iskoki

Kudancin Katsina yana cikin wuraren da Maguzawa suka daɗe da yawansu, musamman ƙasashen Malumfashi da Ƙafur, da maƙwabtansu na yammacin Kano kamar su Gwarzo da Ƙaraye da Rogo. A wannan yanki ne Murray Last ya zauna cikin wani gidan Maguzawa kusa da Malumfashi tsakanin 1969 da 1972, yana nazarin cuta da magani. Kafin shi, Joseph Greenberg ya yi irin wannan zama a ƙauyukan Kano cikin 1938 da 1939, ya kuma buga sakamakon bincikensa a 1946. Daga ayyukan irin waɗannan masana, da kuma abin da ya rage a bakin tsofaffi, ana iya fahimtar matsayin itace a wajen Bamaguje.

A ganinsa duniya cike take da iskoki, wasu na gida wasu na daji, kuma kowane iska yana da wurin da ya fi so ya zauna, ko dutse, ko rafi, ko suri, ko itace. Cikin itatuwa kuwa tsamiya da kuka su ne kan gaba. Kowane gida yana da iskokin da ya gāda daga iyaye, mai gida shi ne ke yi musu yanka, galibi gab da faɗuwar damina da kuma bayan kaka. Kowane iska da irin dabbar da yake karɓa da launinta, wani jan zakara, wani baƙin bunsuru, wani farar tunkiya. Jinin shi ne rabon iska, naman kuwa mutane ke ci. Wurin yankan yakan zama gindin wani itace sananne, ko kuwa jigo, watau wani ice da ake kafawa a cikin gida domin wannan aiki. Kalmar shan inna, wadda likitocin zamani ma ke amfani da ita, daga nan ta samo asali, domin Inna ko Doguwa ita ce iskar da aka ce tana shanye wa mutum hannu ko ƙafa.

Abin lura a nan shi ne, ba itacen ake bauta wa ba. Itace masauki ne, mai masaukin ake tsoro. Dangantakar kuma ta ciniki ce: a ba iska jini, ya ba da lafiya da damina mai albarka, in an manta da shi ya taɓa wani cikin gida don ya tuna wa mutane da kansa. Tun da yake masauki ne, ana iya roƙon baƙon ya ƙaura. Masassaƙin da ya ga kututturen da zai yi turmi yakan nemi boka ya yi abin da ya kamata, a sallami mai wurin, sa'an nan a sa gatari.

Wannan tsoro bai tsaya kan Maguzawa ba. Musulmi sun sāke wa iskoki suna sun koma aljannu, amma camfe-camfen suna nan: ba a zama gindin tsamiya da tsakar rana ko da almuru, ba a kwana a ƙarƙashinta, mai ciki ba ta yawan giftawa ta kusa da kogon kuka. Duk da haka ba a taɓa jin Bahaushiya ta ƙi kunun tsamiya ko miyar kuka don tsoron aljannu ba. Tsoron ya shafi lokaci, ya shafi sara, ya kuma shafi wani itace guda da aka sani da suna. Sunayen unguwanni irin su Tsamiyar Boka da Kukar Bulukiya a Kano shaida ne a kan haka. A kowane ƙauye, itatuwan da ke da irin wannan suna ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, alhali kuwa waɗanda ke cikin gonaki ba su ƙirguwa. Saboda haka ko a zamanin da tsafi ke da ƙarfinsa, tsoron iskoki bai isa ya zama shi ne bayanin dukkan itatuwan da manomi ya bari ba.

Gatarin Rumfa

Akwai kuma wani al'amari da masu kwatanta ƙasar Hausa da Indiya sukan tsallake, watau cewa tarihin Musulunci a wannan ƙasa, kamar yadda masu shi suka rubuta, da sare itace mai alfarma ya soma. Littafin tarihin sarakunan Kano ya buɗe ne da labarin Barbushe da Tsumburbura, da itacen da ake kira Shamus wanda aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai Barbushe. Ya kuma ambaci kurmin Jakara, wanda ake kira Kurmin Baƙin Ruwa, inda ake kai yanka in an ga alamar masifa. A zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, da Wangarawa suka zo sai aka gina masallaci a gindin itacen tsafin. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463–1499) kuwa, littafin ya ce Shehu Magili ya umarci sarki ya sare itacen a gina hasumiya a gurbinsa. Kurmin ma bai tsira ba, sunansa kawai ya rage a jikin Kasuwar Kurmi. A Katsina, ruwayar baka ta danganta kokawar da Korau ya kā da Sanau ya karɓi sarauta da gindin wata tsamiya mai suna Bawada, wanda ke nuna cewa tsohuwar sarauta da itacen tsafi tare suke tafiya.

Bayan shekara ɗari uku maganar ba ta mutu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albabi, ya lissafa girmama itatuwa da duwatsu da yi musu yanka cikin abubuwan da ke fitar da mutum daga Musulunci. Wannan batu ya shiga cikin wasiƙun da Muhammadu Bello ya yi musaya da Shehu Laminu na Barno, waɗanda Bello ya adana cikin Infaƙul Maisuri. Shehu Laminu ya ba da amsa cewa irin wannan aiki saɓo ne na jahilci, ba kafirci ba ne, har ya kawo misali da wani itace a birnin Dimyaɗ na Masar wanda talakawa ke yi wa irin haka, ba kuwa wanda ya ce Masar ta kafirta. Mai karatu zai lura cewa saɓanin malaman biyu a kan hukuncin mai aikin ne, amma dukkansu sun yarda aikin ɓarna ne. Suna kuma da madogara, kamar hadisin Zatu Anwaɗ, inda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata wa sababbin musulunta da suka nemi a keɓe musu wani itace na neman albarka a kan hanyar Hunaini.

Maguzawa sun ci gaba da riƙe itatuwansu bayan jihadi domin an ba su matsayin masu biyan jiziya, an bar su da al'adarsu a karkara. Ƙarni na 20 ne ya kawo ƙarshen wannan zama. Rangadin musuluntarwa na Sardauna Ahmadu Bello tsakanin 1963 da 1965, da aikin 'yan mishan wanda ya sa yankin Malumfashi da Ƙafur ya zama cibiyar Hausawa Kirista, da wa'azin Izala tun daga 1978, duk sun taru a kan abu guda, watau a bar yanka a gindin itace. Wanda duk zai tsaya a kasuwar Bakori a yau ya ce a bar wata tsamiya don tana da tsarki, to, gaggauta mata gatari ya yi.

Indiya: hikaya da rungumar itace

A Indiya al'amarin ya sha bamban tun daga tushe, domin can alfarmar itace tana cikin littattafan addinin mafi yawan jama'a. Itacen pipal, ɗan'uwan cediya da durumi, an ɗauke shi mazaunin manyan ababan bautarsu uku, Birahma a saiwa, Bishnu a gangar jiki, Shiba a rassa. Itacen banyan, wanda saiwoyinsa ke saukowa daga rassa su kafu a ƙasa, an haɗa shi da hikayar Sabitiri da ke cikin Mahabarata, matar da ta bi Yama, mai ɗaukar rai, tana yi masa magana mai hikima har ya mayar mata da ran mijinta Satyaban. Kowace shekara, wajen watan Mayu ko Yuni, matan aure sukan yi azumi su kewaya banyan suna naɗa masa zare, suna roƙon tsawon rai ga mazansu. Hausawa masu kallon finafinan Indiya sun sha ganin irin wannan kewaye ba tare da sanin asalinsa ba. Abin ban dariya kuwa, shi Satyaban ɗin yana cikin saran itacen wuta ne ajali ya riske shi.

Misalin da ya fi kowane shahara shi ne na jama'ar Bishnoyi, mazauna hamadar Rajastan. Wanda ya kafa tafarkinsu, Jambeshwar, an haife shi a 1451, ya kuma soma kiransa a 1485 bayan wani fari mai tsanani. Ya kafa wa mabiyansa dokoki 29, daga nan suka sami sunansu, domin bish ashirin ne, noyi kuwa tara. Cikin dokokin akwai hana sare ɗanyen itace da hana kashe dabba. A 1730 sarkin Jodpur, Abhai Singh, ya aiki mutanensa ƙauyen Kejarli su saro itacen kejiri don a ƙona farar ƙasa ta ginin fada. Wata mata mai suna Amrita Devi ta rungumi itace, aka sare ta tare da shi, 'ya'yanta mata uku suka biyo baya, sa'an nan sauran jama'a. Bisa ruwayar Bishnoyi mutum 363 ne suka mutu kafin labari ya kai ga sarki ya hana sara a ƙasarsu. Shi wannan kejiri masana tsirrai sun daɗe suna sa shi dangi ɗaya da ƙiryar ƙasar Hausa. Yana da alfarma a hikaya, amma kuma shi ne abin rayuwar mutumin hamada: ganyensa abincin raƙumi da akuya ne, 'ya'yansa miya ne, ɓawonsa ma an ci shi a shekarun yunwa, gero kuma yana yin kyau a gindinsa kamar yadda yake yi a gindin gawo.

Bayan shekara fiye da 240 aka sāke jin labarin rungumar itace, a wannan karo a tsaunukan Himalaya, a yankin da ya zama jihar Uttarakand a shekara ta 2000. Wannan shi ne yunƙurin Cipko, kalmar da ke nufin manne wa abu. Yadda ya soma yana da muhimmanci. A farkon 1973 wata ƙungiyar gama-kai ta mutanen yankin, ƙarƙashin Chandi Prasad Bhatt, ta nemi hukumar daji ta ba ta 'yan itatuwa don ta sassaƙa kayan noma, aka hana. Ba da daɗewa ba aka ba wani kamfanin kayan wasanni na birnin Allahabad itatuwa masu yawa a dajin Mandal. Mutanen ƙauye suka fito suka tare masu sara. A watan Maris na 1974, ranar da mazan ƙauyen Reni suka tafi karɓar diyyar filayensu a garin Camoli, 'yan kwangila suka lallaɓo. Gaura Devi ta tara mata 27 suka sha gabansu, ta gaya musu cewa wannan daji a wajensu kamar gidan iyaye yake. Mutanen wannan yanki ba su manta da ambaliyar kogin Alaknanda ta 1970 ba, wadda suka danganta da askin da aka yi wa tsaunuka.

Addini ya shigo ne daga baya, ya kuma shigo da ƙarfi. A dajin Adwani, ƙarshen 1977 da farkon 1978, mata sun ɗaura wa itatuwan da aka yi wa alamar sara zaren raki, irin wanda mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta a hannu alamar zumunci da kariya, aka kuma yi kwanaki ana karatun littafin Bagabata a cikin dajin. Sunderlal Bahuguna ya yi ta azumi da doguwar tafiyar ƙasa irin ta Gandi. A 1980 gwamnatin Indira Gandi ta hana saran ɗanyen itace a waɗannan tsaunuka har shekara 15.

Masanan Indiya su kansu ba su daidaita a kan ma'anar wannan ba. Vandana Shiva, a 1988, ta kalle shi a matsayin farfaɗowar tsohuwar aƙida mai ɗaukar daji uwa. Ramachandra Guha, a 1989, ya nuna cewa ci gaba ne na jayayyar da manoman tsauni suka daɗe suna yi da hukumar daji tun zamanin Ingilishi, a kan wa ke da ikon daji. Hujjar Guha ta fi nauyi, domin mutanen Mandal itace suka nema su sara, hana su da aka yi aka ba baƙo shi ya fusata su. Har ma bayan dokar 1980 wasu mutanen tsaunin sun koka cewa ta toshe musu hanyar abinci. Hikaya ta ba su harshen da ɗan sanda da ɗan kwangila da minista duk ke jin nauyinsa, tun da addininsu ɗaya, wannan kuwa ba ƙaramin makami ba ne. Amma inda babu wanda abincinsa ya rataya a kan daji, alfarma kaɗai ba ta hana kome ba. Kurmin tsafi da Madhav Gadgil da V. D. Vartak suka yi nazari a yammacin Indiya cikin shekarun 1970 sun yi ta ƙanƙancewa, a wurare da dama an sayar da katakon an gina wa abin bautar ɗakin siminti. Kogin Ganga ma, duk da tsarkin da ake ba shi, bai tsira daga dattin birane ba.

Indiya ta riga ta aiko wa ƙasar Hausa da ɗaya daga cikin itatuwanta masu alfarma. Darbejiya, ko dogon yaro, wadda aka soma shukawa a Barno wajen 1928, a can ƙasarta an danganta ta da Sitala, abar bautar da ke da iko da agana. Ta iso nan ba tare da Sitala ba, ga shi kuwa ta cika makarantu da asibitoci da titunan Funtuwa, don tana jure fari, akuya ba ta damunta sosai, ganyenta kuma jama'a na amfani da shi a matsayin maganin zazzaɓi.

Auduga, garma da masara

In aka dawo kudancin Katsina da wannan ma'auni, za a ga cewa abin da ya rage itatuwa a gonaki ya fi alaƙa da sauyin noma fiye da sauyin addini, ko da yake su biyun sun zo a zamani ɗaya. Tun cikin shekarun 1920 Turawa suka mai da wannan yanki cibiyar auduga: jirgin ƙasa ya biyo daga Zariya ta Funtuwa ya nufi Gusau da Ƙauran Namoda, aka kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, da gonar iri a Daudawa. Tare da auduga aka kawo garmar shanu. Mai noma da fartanya yakan kewaye kututture da tsiro, amma garmar shanu tana son kunya miƙaƙƙiya, sai an tumɓuke kututture kafin ta shiga. Babban itace ana iya kewaye shi, ƙaramin da zai gāje shi kuwa kowace damina garma na gamawa da shi.

Daga 1975 zuwa 1980 aka gudanar da shirin bunƙasa aikin gona na Funtuwa da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a ƙasar, tare da na Gusau da na Gwambe. Ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari. Ya kawo takin zamani mai rahusa, da sabon iri, da hanyoyin karkara, da tarakta. A sanadinsa masara ta tashi daga amfanin bayan gida ta zama babban abin nomawa, ita kuwa masara ba ta son inuwa. Takin zamani ya rage bukatar barin gona ta huta ta zama saura, inda dā ƙananan itatuwa ke samun damar tasowa. Manyan gonakin tarakta kuwa sai an yi musu aski ƙwal.

Itatuwan da suka tsallake duk wannan su ne masu mai su. Ɗorawa ita ce babban misali. Kalwarta ita ce daddawa, garinta abinci ne da bazara sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ɓawonta shi ne makubar da ake shafe katanga da daɓe. A wurare da dama na ƙasar Hausa ɗorawa dukiya ce mai zaman kanta, ana gādonta, ana jinginar da ita, ana iya sayar da gona a keɓe ta, wasu kuma na masu sarauta ne ko da a gonar talaka suke. Kaɗanya ma haka, don man kaɗe. Amfanin waɗannan itatuwa galibi ta hannun mata yake bi, kamar yadda matan Reni su ne masu ɗebo itacen wuta da ciyawa. Sa'ad da dunƙulen Maggi da daddawar waken suya suka rage wa kalwa kasuwa, tsadar kananzir kuma, musamman bayan janye tallafinsa a 2016, ta ɗaga kuɗin gawayi da itacen gidan burodi, sai lissafin mai gona ya juya. Kaɗanya da ƙirya suna cikin masu ba da gawayi mafi kyau, injin yankan itace kuma yana gamawa kafin azahar da abin da dā ke cin gatari kwana biyu.

Gandun daji na hukuma, irin su Kogo a ƙasar Faskari da Ruma-Kukar Jangarai a yamma, labarinsu ya fi kama da na Himalaya. Dokokin daji na 1916 da 1937 sun raba talaka da ikon daji, suka miƙa shi ga En'e da malamin daji, daga baya ga gwamnatin jiha. Abin da ya zama na gwamnati kuwa, a idon ƙauye, ba shi da mai shi. Cikin shekarun 2010 waɗannan dazuzzuka suka zama maɓoyar 'yan bindiga, har aka kai ga sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara a watan Disamba na 2020. Cikin matakan tsaron da gwamnatin jihar Katsina ta ɗauka a 2021 har da hana manyan motoci ɗauko itacen wuta daga daji. Daji ya sāke zama wurin tsoro, amma irin tsoron da ke sa mutanen ƙauye su yi fatan a share shi.

Hurumi

Harshen da ke da nauyi a kunnen manomin Funtuwa, kamar yadda Bagabata ke da shi a kunnen mutumin Adwani, yana nan cikin littattafan da ake karantawa a zauruka. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ne a gare shi. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham, wadda ta hana sare itace mai 'ya'ya ko a fagen yaƙi. Abu Dawuda ya kawo gargaɗi mai tsanani ga wanda ya sare magarya, ya kuma bayyana cewa ana nufin wadda matafiya da dabbobi ke shan inuwarta, aka sare ta ba da hakki ba. A nan dalilin kariyar hakkin bayin Allah ne, itacen ba shi da wani tsarki na kansa, don haka ba ya karo da wa'azin Shehu.

Hausa ma tana da kalmar da ta ɗauki wannan ma'ana, watau hurumi, wadda ta fito daga Larabci. Hurumin gari, hurumin makiyaya, hurumin maƙabarta da na filin Idi, wurare ne da aka keɓe don jama'a, kowa ya san iyakarsu, akwai kuma wanda zai tsawata in an taɓa. Abdullahi Ɗanfodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin irin waɗannan filaye cikin Ta'alimur Radi. Wanda ke neman tsofaffin itatuwa masu kauri a garuruwan wannan yanki, maƙabarta ya kamata ya fara leƙawa.

Maraɗi kuwa ta nuna abin da ke faruwa in manomi ya tabbata itace nasa ne. Ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa hukunci mai tsanani ga wanda ya sare gawo, dokar Faransa ta biyo baya ta mai da itatuwa na hukuma, gonaki suka yi ta zama fili. Daga 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ke cikin gonaki suna da rai, kowace shekara suna tofo ana sassabewa. Ya shawarci manoma su zaɓi tofo ɗaya ko biyu masu ƙarfi su bari, su rage sauran. Yunwar 1984 ta sa mutane da yawa suka gwada, sassaucin ma'aikatan daji ya sa suka ɗore, dokar daji ta 2004 kuma ta ƙarfafa hakkin mai gona. Manoma suka raɗa wa abin suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ya kai kadada miliyan 5 da itatuwa kimanin miliyan 200 a kudancin Nijar, akasarinsu gawo, cikin mutanen da su ma kakanninsu Azna ne masu yanka a gindin tsamiya, suka kuma bari.

Kudancin Katsina ya fi Maraɗi ruwan sama, tofo kuma ya fi saurin girma, amma yana da nasa cikas. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, ɗorawa da kaɗanya kuwa da ganyensu suke damina, sai an riƙa yi musu sassaka kafin masara ta yi kyau a kusa da su. Suna kuma daɗewa kafin su fara 'ya'ya, kaɗanya takan haura shekara goma sha biyar. Sa'an nan gonaki da yawa a yankin Funtuwa da Ɗanja da Bakori na haya ne ko aro ko jingina. Wanda ya karɓi gona na damina biyu ba ya barin tsiron da ba zai ci 'ya'yansa ba, mai gonar ma ba ya so ya bari, domin a al'ada wanda ya raini itace a gona ya sami abin da zai kafa hujja da shi a gaban alƙali ranar da aka ce ya tashi.